Farasitamol ko Ibufurofen: Wane Za A Ba Yaron da Aka Ɗaura wa Ƙarfen Haƙori?

Ciwon ƙarfen haƙori ba a kan kujerar likita yake tasowa ba. Yaro zai sauko lafiya lau, ya leƙa madubi, har ya yi wa ƙannensa gwalo da wayar da aka ɗaura masa. Sai bayan awa 2 zuwa 6 haƙoran su fara tsami. Washegari, wajen awa 24 da yin aikin, ciwon ke kai maƙura, daga kwana na 3 ya fara sauka, kafin mako ya zagayo galibi ya tafi. Haka zai riƙa dawowa, amma da sauƙi, duk lokacin da aka koma aka ƙara ɗaure wayar, wato bayan kowane mako 4 zuwa 8, na tsawon shekara ɗaya da rabi ko biyu.

Wanda ke zaune a Kano kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wannan tsari bai dame shi ƙwarai ba. In abu ya rikice zai koma da safe. Mutumin Jangeru, can yankin Shinkafi, lissafinsa daban ne. Ƙwararrun gyaran jerin haƙora kaɗan ne a Nijeriya, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Iyaye daga Shinkafi, Zurmi ko Ƙaura Namoda sukan fara ne da sashen haƙori na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, daga nan wani a tura shi gaba, Kano ko Kaduna ko Abuja. Ciwon zai fara kama yaron yana cikin mota a hanyar dawowa, ya tsananta bayan an iso gida, a lokacin da babu mai sha'awar sake bin wannan hanya, ga tsadar mota ga halin da tsaro yake ciki. Saboda haka hukuncin wane magani za a sha yakan faɗa hannun uwa da mai kemis na bakin kasuwa. Su ne ya kamata su san bambancin magungunan nan.

Ba kowane yaro ake kaiwa ba, ba shakka. Babu mai kashe kuɗi don a rufe wushirya, ado ce a wurinmu. Waɗanda ake kaiwa su ne masu haƙoran da suka hau juna, da waɗanda na gabansu suka turo har leɓe ba ya rufuwa, da yaran da aka yi wa ɗinkin tsagaggen leɓe ko ganɗa. Yawanci tsakanin shekara 11 zuwa 14 ake farawa, bayan an gama famfara.

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashin muƙamuƙi ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wani siririn nama mai jijiyoyin jini da na ji, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Idan waya ta ja haƙori, gefe ɗaya na naman nan yana matsewa, ɗaya gefen yana miƙewa. Wurin da ya matse yakan ɗan kumbura, ya saki wasu sinadarai, babbansu shi ne furostagilandin. Wannan sinadari ɗan aike ne mai saƙo biyu. Yana zuwa wa jijiyoyi ya ce su ji zafi, yana kuma zuwa wa ƙwayoyin da ke cin ƙashi ya ce su buɗe wa haƙori hanya, yayin da wasu ƙwayoyin ke gina sabon ƙashi a bayansa. Da haka haƙori ke tafiya, kusan milimita ɗaya a wata. Duk muhawarar da likitoci ke yi kan farasitamol da ibufurofen daga nan ta samo asali.

A 1971 wani masanin magunguna ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa asfirin yana kashe ciwo ne ta hana jiki ƙera furostagilandin, kuma ya samu kyautar Nobel a 1982. Ibufurofen, wanda kamfanin Boots ya fitar a Ingila a 1969 da sunan Brufen, haka yake aiki, shi da danginsa irin su daikulofenak da nafuroksen da firoksikam. A wurin da kumburin yake suke kai farmaki. Farasitamol, wanda kowa ya fi sani da Panadol, aikinsa ya fi ƙarfi a ƙwaƙwalwa da laka. Yana rage jin zafin, amma bai cika taɓa kumburin ba. A takarda dai, ibufurofen ya kamata ya fi kashe irin wannan ciwo, kuma shi ya kamata ya rage wa haƙori saurin tafiya, tunda ya tare ɗan aiken gaba ɗaya.

An gwada batun tafiyar haƙorin a kan dabbobi. A wani bincike da Arias da Marquez-Orozco suka wallafa a 2006, ɓerayen da aka ba asfirin ko ibufurofen haƙoransu sun yi jinkirin motsi, kuma an ga ƙarancin ƙwayoyin cin ƙashi, waɗanda aka ba farasitamol kuwa sun tafi daidai da waɗanda ba a ba komai ba. Wannan ne ya sa likitocin gyaran haƙori da dama suka karkata ga farasitamol. Ni a ganina an ɗan kambama wannan hujja. Ɓera ba yaro ba ne, kuma kwana 2 ko 3 na shan ibufurofen a cikin wata guda bai isa ya tsayar da aikin shekara biyu ba. Inda hujjar ke da nauyi shi ne yaron da ke shan dangin ibufurofen kullum saboda wata cuta, kamar ciwon gaɓoɓi. Shi lallai likita ya san da haka tun kafin a ɗaura masa ƙarfe.

A ɓangaren kashe ciwon fa? Gwaje-gwajen da aka yi wa mutane ba su ba ibufurofen ratar da ake zato ba. Wani gwaji da Bradley da abokan aikinsa suka yi wa matasa a Ingila, aka wallafa a 2007, ya nuna ibufurofen ya ɗan fi farasitamol bayan an cusa 'yan robobin da ake raba turamen haƙori da su. Wasu gwaje-gwajen ba su ga bambanci ba. A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike ta tace, ta haɗa gwaje-gwaje 32 da suka ƙunshi mutum 3,110 masu shekara 9 zuwa 34. Ta samu cewa shan magani ya fi rashin sha, ko farasitamol ne ko dangin ibufurofen, amma ba ta samu hujjar da ta fifita ɗaya a kan ɗaya ba, kuma ta ce ingancin gwaje-gwajen da suka kwatanta su biyun ba shi da ƙarfi. Wani abu da ya fito fili shi ne lokacin sha: ibufurofen da aka sha awa ɗaya kafin a sa robobin ya fi rage ciwon awannin farko fiye da wanda aka sha bayan an gama.

Tunda ƙarfinsu ya yi kusa da juna, abin da zai raba gardama shi ne wanne ya fi aminci ga yaron da ke gabanka. A nan ne binciken Turai ke barin mu a hanya, domin yaran da aka gwada a Ingila ba su san zafin watan Afrilu na Shinkafi ba.

Ibufurofen yana da abokan gaba biyu, yunwa da ƙishirwa. Furostagilandin ɗin da yake hanawa shi ne ke kare bangon ciki daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, shi ne kuma ke buɗe hanyoyin jini a ƙoda idan ruwan jiki ya ragu. Yaron da haƙori ke yi wa tsami ba ya son tauna, sai ya wuni bai ci abin kirki ba. A haɗa da tafiyar awanni cikin mota a bazara, ko gudawa, ko amai, sai a samu daidai yanayin da ibufurofen ke iya taɓa ƙoda. Haka watan azumi. 'Yan shekara 13 da 14 da yawa suna azumi, kuma in za a iya, gara a nemi likita ya sa ranar ɗaura ƙarfen farko kafin Ramadan ko bayan salla. In ta kama dole, a sha maganin bayan buɗa-baki da abinci da ruwa wadatacce.

Akwai yaran da ba a ba su ibufurofen sai da izinin likita: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai asma wanda aka taɓa gani numfashinsa ya sarƙe bayan shan irin wannan magani, mai saurin zubar jini, da wanda ƙarambau ya fito masa, domin a lokacin ƙarambau yana iya jawo mummunan ruɓewar fata. Sai mai sikila, wanda ya cancanci a tsaya a kansa, saboda yawan masu ita a ƙasar Hausa. Ƙodar mai sikila tana cikin wahala tun asali, kuma sau da yawa yana da daikulofenak ko ibufurofen a aljihu don ciwon ƙashi. Idan aka ƙara masa wani don haƙori, an ninka masa magani iri ɗaya ba tare da an sani ba.

Farasitamol ba ya cin ciki, ba ya hana jini daskarewa, ana iya shansa ko ba a ci komai ba. Illarsa guda ce, amma babba: idan ya yi yawa yana lalata hanta, kuma a ranar farko mutum na iya zama kamar ba abin da ya same shi, sai bayan kwana 2 ko 3 ido ya yi rawaya. Yaron da ke da ciwon hanta, ko wanda ya rame ƙwarai, rata tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ta fi ƙanƙanta a gare shi.

Wannan ya kawo mu ga awo, wanda a ganina ya fi zaɓen maganin kansa muhimmanci. Da nauyin jiki ake auna wa yaro magani, ba da shekaru ko ajin makaranta ba. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo na nauyin yaro, bayan kowace awa 4 zuwa 6, kuma kada a wuce sau 4 a yini da kwana. Ibufurofen miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo, bayan kowace awa 6 zuwa 8, sau 3 a yini ya isa. Ɗauki yarinya 'yar shekara 12 mai kilo 30. Farasitamol ɗinta miligiram 450 ne, wato kusan ƙwaya ɗaya mai 500. Ibufurofen ɗinta tsakanin 150 da 300, wato ƙwaya ɗaya mai 200, ba mai 400 ba. Ƙwaya bibbiyu da muka saba watsawa baki awon babba ne wanda ya haura kilo 50. Jadawalin shekaru da ake bugawa a jikin kwali an gina shi ne kan matsakaicin nauyin yara, yaranmu kuwa da yawa ba su kai wannan nauyi ba. Yankin Shinkafi da Zurmi wuri ne da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta daɗe tana jinyar ƙananan yara masu tamowa a manyan asibitocinsa, kuma wanda ya tashi cikin ƙarancin abinci yakan shiga shekarun balaga da ƙaramin jiki. A ɗora yaro kan sikeli a asibiti, a rubuta nauyinsa a bayan katinsa. Aikin minti ɗaya ne.

Babban haɗarin yana wurin da uba zai tsaya gaban kanta ya ce, "Malam, a haɗa wa yaron nan na ciwon haƙori, mai ƙarfi." Sai a ɓare ƙwayoyi kala uku ko huɗu a ƙulle a leda, babu kwali babu suna. Cikin irin wannan haɗi ana iya samun farasitamol, da Ibucap wanda shi ma ya ƙunshi farasitamol da ibufurofen da kafeyin, da daikulofenak a kai. Idan yaron yana mura aka ƙara masa Procold, ga farasitamol na uku. Kowace ƙwaya ita kaɗai ba laifi, jimillarsu ce matsala. Daikulofenak da firoksikam sun fi ibufurofen cin ciki, kuma ciwon da zai tafi da kansa cikin mako bai kai a jawo su ba. Nafuroksen ya yi kyau a wasu gwaje-gwajen da aka yi a Turkiyya, yana kuma daɗewa a jiki, amma wannan na likita ne ya rubuta. Sau da yawa ana cusa maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin a cikin ledar, alhali ciwon waya ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba.

Asfirin a ajiye shi gefe. A 1963 wani likita a Ostireliya, Douglas Reye, ya bayyana wata cuta da ke kumbura ƙwaƙwalwa da hantar yara, daga baya aka alaƙanta ta da shan asfirin lokacin mura mai zazzaɓi ko ƙarambau. Ba ta da yawa, amma tana kisa, shi ya sa a Ingila ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba sai don wata cuta ta musamman. Iyaye da dama za su ce ba su taɓa ba ɗansu asfirin ba, ba su san garin Alabukun da ake kaɗawa a ruwa asfirin ne da kafeyin ba. Al'adar ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ita ma ƙona naman take yi, ya yi fari ya saluɓe. Man shafawa na baki mai sinadarin dangin asfirin, irin Bonjela ta manya, shi ma an hana 'yan ƙasa da 16 amfani da shi a Ingila tun 2009.

Tiramol da kodin ba sa cikin wannan zance ko kaɗan. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 su a 2017, saboda jikin wasu yaran yana sarrafa su da sauri fiye da kima har numfashi ya tsaya. A Nijeriya gwamnati ta hana ƙera da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC kan yadda matasa ke shansa. Duk wanda ya san abin da ƙwaya ta yi wa samarin Arewa ba zai so ɗansa ya fara ɗanɗana tiramol saboda tsamin haƙori ba.

Za a iya haɗa farasitamol da ibufurofen? Ana iya yi, tunda hanyar aikinsu daban ce, kuma likitocin haƙori kan yi haka bayan cire haƙori, wanda wani lokaci ake yi kafin ɗaura ƙarfe don a samar da fili. Ga ciwon waya kaɗai, da wuya a buƙaci haka. Idan an yi, a rubuta lokacin da aka ba kowanne a takarda, domin a gida mai mutane da yawa uwa na iya bayarwa, goggo ma ta bayar, kowa na zaton shi ne na farko.

Tsarin da nake ganin ya dace da mu shi ne a fara da farasitamol gwargwadon nauyi, a ba da awon farko kafin a bar asibiti ko da an shiga mota, a ci gaba a kan lokaci ranar farko da ta biyu maimakon a jira sai yaro ya fara kuka, a daina a rana ta 3. Idan bai wadatar ba, kuma yaron lafiyayye ne, yana ci yana sha, ba ya cikin waɗanda aka lissafa a sama, sai a koma ga ibufurofen bayan cin abinci. A sayi maganin a birni tun kafin a taso, a cikin kwalinsa, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ɗan shekara 11 zai iya haɗiyar ƙwaya, ba ya buƙatar na ruwa. Wanda ya tuna My Pikin, ruwan maganin fitar haƙori da ya gurɓata da guba ya kashe ƙananan yara 84 daga ƙarshen 2008, ciki har da waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na Zariya, ya san dalilin da ya sa ake nacewa a kan inda magani ya fito.

Akwai kuma abin da ba ƙwaya ba. Wani babban gwaji a Ingila da aka wallafa a 2016, wanda ya ɗauki yara 1,000, ya nuna waɗanda aka ba cingam marar sukari su tauna sun rage shan ibufurofen, kuma ƙarafunansu ba su fi na sauran ɓallewa ba. Bayanin da ake bayarwa shi ne tauna a hankali tana motsa jini a naman nan da ya matse. Wasu likitocin har yanzu ba sa son cingam da ƙarfe, sai a tambaya. Ruwan sanyi ko ƙanƙara mai tsabta yana lafar da tsami. Abinci kuwa namu ya fi na kowa dacewa da kwanakin nan: koko, kunun gyaɗa, fura da nono da aka dama sosai, tuwo da miyar kuka, fate, alala, ɗanwake, dafaffen ƙwai. Rake da goruba da aya da ƙuli-ƙuli da kilishi sai dai a yi haƙuri, ba na mako ɗaya ba, har a cire ƙarfen, domin su ke ɓalle shi, ɓallewar kuma na nufin wata tafiya Kano.

Ciwo iri biyu ne ke rikitar da iyaye, kuma maganin kashe ciwo ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Na farko shi ne gogar ƙarfe: bakin waya ya zaro ta baya yana sukar kumatu, ko ƙarfen ya goge leɓe ya yi gyambo. Ko an shanye kwali guda, wayar tana nan. Abin da ake yi shi ne a busar da wurin, a mulmula ɗan kakin da likita ke bayarwa a manna a kai, a riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri. A roƙi kakin da yawa tun a asibiti, a kuma karɓi lambar wayar sashen, domin hoton WhatsApp ɗaya kan isa likita ya faɗi ko abin zai jira ranar komawa ko wani ma'aikacin haƙori mafi kusa zai iya datse bakin wayar. Man kanumfari da ake ɗigawa kan ramin haƙori ba na wannan wuri ba ne, yana ƙona naman baki.

Na biyu shi ne zazzaɓi. Ƙarfen haƙori ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kumbura fuska, ba ya hana buɗe baki. Idan jikin yaro ya yi zafi bayan an dawo daga asibiti, musamman da damina ko kaka, a ɗauka maleriya ce har sai gwaji ya nuna ba ita ba, domin farasitamol ɗin da yake sha zai iya danne zafin jikin cutar tana ci gaba da aikinta. Ciwon da ya tattaru a haƙori ɗaya yana bugawa da dare, ko ya wuce mako yana ƙaruwa, ko dasashi ya tara ruwa, alamar ruɓewa ce ko ƙurji, kuma wannan sai an kai shi asibitin Shinkafi, Zurmi ko Ƙaura, wanda ya fi kusa, a ranar.